Inuwar Giginya: Shaidata a Kan Gidanmu da Makarantar Ikilisiya

Idan an tashi daga sujada ranar Lahadi, sau da yawa wata daga cikin iyayenmu na zumuntar mata takan riƙe hannuna a bakin ƙofa tana sa wa gidanmu albarka, tana cewa tun daga kakanmu har zuwa kaina ba mu taɓa juya wa makarantar ikilisiya baya ba. Nakan amsa da amin, amma raina yakan sosu, domin ni na taɓa juya mata baya. Na yi shekara goma sha ɗaya ba na son a ambaci makarantar nan a gabana, kuma a cikin shekarun nan maganar da ke shiga tsakanina da mahaifina ba ta wuce gaisuwa ba. Ba zan kama sunan makarantar ko na wani mutum ba. Na rubuta wannan ne saboda 'ya'yan fastoci da na masu bishara da na malaman makarantun ikilisiya, waɗanda na san da yawansu suna ɗauke da irin ciwon da na ɗauka, suna kuma jin kunyar faɗa.

Kakana na wajen uba ɗan Maguzawa ne daga wani ƙauye a ƙasar Zazzau. Gyambo ne ya kai shi Wusasa yana yaro, inda aikin mishan da Likita Mila, wani Bature mai bishara, ya soma a cikin birnin Zariya ya koma a ƙarshen shekarun 1920. Ƙafa ta warke, amma bai koma ƙauye ba. A can ya karɓi bangaskiya, ya koyi karatu da Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda aka buga a 1932, ya kuma koyi aikin kafinta. Lokacin da aka buɗe masaƙar farko a Kakuri a 1957, Kaduna ta shiga cika da ma'aikata, sai ya kwashi zarto da guduma da iyalinsa ya bi sahu. Ya sami wata ikilisiya a wata unguwa da ke arewacin kogi, wadda mutanenta suka fito daga kudancin Zariya da Filato da Adamawa da ƙasar Bauchi, kowa da harshen gidansu, amma Hausa ce ke haɗa su a sujada. Yawancinsu leburori ne da ma'aikatan jirgin ƙasa da masinjoji, kuma burinsu guda ne, kada 'ya'yansu su gaji ɗaukar kaya. Da baikonsu da ƙarfin jikinsu suka gina azuzuwan laka a bayan majami'a.

Kaka ne ya yi bencunan makarantar da katakon maɗaci, bai karɓi ko kwabo na aikin hannu ba. A ƙarƙashin kowane benci yakan sassaƙa ɗan ƙaramin gicciye, inda ba mai gani sai wanda ya kifa shi. Shi ne kuma ya roƙo guntun ƙarfen dogo a wurin wani abokinsa ma'aikacin jirgi, ya huda shi, ya rataye a reshen mangwaron da ke harabar coci, ya zama ƙararrawar makaranta. Da wani dogon ƙarfe ake bugunsa, kuma amonsa yana kaiwa har bakin kasuwa, ta yadda masu shayi da masu ƙosai na unguwar suka riƙa sanin lokaci da shi. Daga baya, da ƙarfinsa ya ragu, ya zama mai gadin makarantar da gyare-gyarenta.

Mahaifina ya sami takardar malanta mai daraja ta biyu, ya dawo yana koyarwa a inda ubansa ke gadi. Ina jaririya gwamnatin Jihar Arewa ta Tsakiya, a zamanin Gwamna Abba Kyari, ta karɓe makarantun mishan. A lokacin ne kwalejin St. John ta zama Rimi, Queen of Apostles ta zama Sarauniya Amina, St. Paul ta Wusasa kuma ta zama Kufena. Tamu ƙaramar firamaren ita ma ta koma hannun hukumar ilimi, aka sauke allon sunanta aka ɗora wani. An ce Kaka ya yi kwanaki ba ya cin abinci sosai. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne, wanda ke mulkin ƙasar a lokacin, Janar Yakubu Gowon, yaron Wusasa ne da ya yi karatu a makarantar mishan. Bencuna sun tafi tare da azuzuwa, amma ƙararrawa ta tsira, domin mangwaron yana cikin filin coci.

Baba ya ci gaba da koyarwa a matsayin ma'aikacin hukuma, kuma ban taɓa jin ya zagi karɓewar ba, yakan ce ilimi haƙƙin kowane yaro ne. Da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa a 1976, yara suka yi ambaliya, ajin da aka gina don benci goma sha biyar ya koma rabin yaransa a ƙasa suke zaune. Zuwa farkon shekarun 1980 malamai sukan yi watanni ba albashi, yajin aiki ya zama ruwan dare, yaro ya gama aji shida bai iya karanta wasiƙa ba. Sai dattawan ikilisiya suka yanke shawarar sake buɗe makaranta a ɗakunan makarantar Lahadi, da tsohon sunan, suka nemi Baba ya shugabance ta. Ya ajiye aikin gwamnati, ya bar fansho da garatuti, ya koma karɓar abin da bai kai rabin albashinsa na da ba. Na tuna daren da ya faɗa wa Mama. Tana tsince shinkafa a faranti, ba ta ɗago kai ba, sai na ga hawaye yana ɗiga a kan hannunta. Kaka kuwa, da tsufansa da rawar hannunsa, ya sake ɗauko zarto.

Daga ranar gidanmu ya zama reshen makaranta. Mu ne masu share azuzuwa kafin gari ya waye, mu ne masu daka gawayi da baƙin tsohon batir mu shafe alluna ranar Asabar. Mama tana tashi tun asuba ta dama kunu ta soya ƙosai don sayar wa yara lokacin tara, amma duk yaron da ta ga ya raɓe a gindin mangwaro ba shi da kuɗin tara, sai ta aike shi ɗebo ruwa ko wanke ludayi, sannan ta cika masa kofi, don kada 'yan'uwansa su gane kyauta aka ba shi. Ba a taɓa rasa yaro ɗaya ko biyu da ke kwana a ɗakinmu ba, ɗan wani mai bishara da aka tura ƙauye, ko maraya da ba shi da mai riƙo. Tabarmata da bargona ba su taɓa zama nawa ni kaɗai ba.

Maƙwabtanmu Musulmi ma suna kawo 'ya'yansu, kuma ba kaɗan ba. Baba ba ya tilasta musu shiga addu'ar safe, yana sallamarsu da wuri ranar Juma'a, kuma idan ya ji yaro yana fashin Islamiyya da yamma, shi da kansa yakan kai ƙara wurin ubansa. Wani tela da katangarsa ke jingine da ta makaranta ya sa 'ya'yansa duka a wurinmu, shi ne kuma yake ɗinka wa ɗalibai rigunan makaranta. Da Sallah tuwonsu da namansu na shigowa gidanmu, da Kirsimeti shinkafarmu na shiga nasu. Ban ɗauki wannan a bakin komai ba a lokacin, domin haka na buɗe ido na ga ana zama.

Sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini. Ina da ƙoƙari a karatu, kuma tun ina ƙarama burina in karanci harhaɗa magunguna. Mama ta san haka, ta yi shekara huɗu tana zubin adashi daga ribar ƙosai, duk kwasar da ta yi sai ta damƙa wa Baba ya ajiye. A ƙarshen shekarun 1980 na ci jarrabawa, sunana ya fito a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Lokacin tsarin tsuke bakin aljihu na SAP, wanda gwamnatin Babangida ta kawo a 1986, ya riga ya gigita mutane: naira ta karye, kaya sun yi tashin gwauron zabo, iyaye da yawa sun kasa biyan kuɗin makaranta. Saura mako biyu in tafi, Mama ta ce Baba ya fito da kuɗin a sayo mini akwati da katifa, a ware na rajista da na ɗakin kwana da na abinci. Sai ya yi shiru. Daga baya ya ce babu su. Malamansa sun yi wata uku ba albashi, biyu daga cikinsu sun ce za su tafi, matar ɗaya kuma tana kan gwiwa, shi ne ya biya su da kuɗin, da niyyar mayarwa idan iyaye sun kawo na zango mai zuwa. Iyayen ba su kawo ba.

Abin da na yi a daren nan har yau ina jin nauyinsa. Ni da ban taɓa ɗaga ido na kalli Baba yana magana ba, na ɗauko Littafi Mai Tsarki na Kaka, na buɗe wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Timoti, sura 5 aya 8, inda aka ce wanda bai kula da danginsa ba, musamman mutanen gidansa, ya musunci bangaskiya. Na karanta masa da ƙarfi a gaban ƙannena. Sannan na ce masa, “Baba, ku inuwar giginya ne, na nesa ka sha.” Mama ta daka mini tsawa. Shi kuwa bai ce uffan ba, ya tashi ya ɗauki fitila ya nufi ofishinsa. Na jira ya zo ya ba ni haƙuri, ko ya yi mini faɗa, ko da mari ne, amma bai yi ko ɗaya ba. An zaga wurin dangi da dattawan coci neman rance, ba a sami abin da zai isa ba, domin kowa ta kansa yake yi. Ranar rufe rajista ta zo ta wuce ina zaune a ɗaki.

Ban sake neman jami'a ba, zuciya ta hana ni. Na koyi buga tafireta, na sami aiki a wani shago, na riƙa karatun akanta da yamma a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da kuɗin gumina. Bayan da gwamnatin tarayya ta koma Abuja a Disambar 1991, na sami aiki a sashen kuɗi na wani kamfani a can, na tafi ina jin kamar an kwance mini mari. Na yi aure, na haihu. Ina aika wa Mama kuɗi duk wata, da gargaɗin kada ko sisi ya shiga makaranta. Idan na zo Kirsimeti nakan durƙusa in gaida Baba, ya ce, “Uwata, kin zo lafiya?” in ce lafiya, shi ke nan. Ina zuwa coci, ina cikin ƙungiyar mawaƙa, ina karɓar jibin Ubangiji, alhali na riƙe mahaifina a zuciya kamar garwashi a cikin toka.

Ranar Litinin 21 ga Fabrairun 2000 rikicin shari'a ya ɓarke a Kaduna. Ina ofis na ji labari. Lokacin wayar hannu ba ta zo ba, saboda haka na yi kwana uku ba na barci, kunnena a kan rediyo, da safe kuma in tafi tasha ina tambayar direbobin da suka kuɓuto wace unguwa ce ta ƙone. Abin da ya faru a makaranta, daga bakin Mama na ji shi.

An riga an buga ƙararrawa, yara suna aji, sai hayaƙi ya fara tashi ta wajen babban titi. Wasu iyaye sun rugo sun kwashi nasu, amma da yawa hanya ta riga ta toshe musu. Baba ya kulle ƙofar waje, ya tara sauran yaran a aji ɗaya, yana tunanin shigar da su majami'a. Sai ga tela ya leƙo ta kan katanga yana cewa, “Malam, kada ka kai su coci, can za a fara. Miƙo mini su ta nan.” Aka jingina benci biyu na Kaka a jikin katanga, Baba yana ɗaga yaro, tela da manyan 'ya'yansa suna karɓa ta ɗaya gefen. Mama ta tsaya da rajista a hannu, duk wanda ya haye sai ta sa masa alama. Matan gidan suka yafa wa 'yan matan mayafai, aka rarraba yaran a gidaje uku na maƙwabta. Ba a jima ba aka cinna wa majami'a wuta, ta ci har da azuzuwa biyu. Wani matashin malami da ya fita neman matarsa bai dawo ba, ba a kuma ga gawarsa ba. Sai da sojoji suka shigo unguwar aka kwashe su zuwa bariki, inda Mama ta zauna da rajistar nan a cinyarta tana miƙa yara ga iyayensu ɗaya bayan ɗaya. Yara biyu, wa da ƙanwa, ba wanda ya zo nemansu. A gidanmu suka girma.

Dole in faɗi wannan ma: a ɗaya gefen kogin Musulmi ne aka yi wa irin abin da aka yi mana, kuma cikin waɗanda aka kashe a can har da wani tsohon ɗalibin Baba da ke sayar da kayan masarufi. Baba ya yi kukansa kamar yadda ya yi kukan malaminsa.

Bayan haka garin ya tsage biyu. Kiristoci suka riƙa sayar da gidajensu suna haye gada zuwa Sabon Tasha da Television da Unguwar Romi, Musulmin da ke can kuma suka yo arewa. Ɗalibai suka watse. Dattawa suka ce a ɗauke makaranta a bi jama'a, Baba ya ce ba zai bar unguwar da ta ɓoye masa yara ba. Rikici ya sake tashi a watan Mayu. Cikin daminar nan, wata safiya yana tsaye a gindin mangwaro da ƙarfen buga ƙararrawa a hannunsa, ya yanke jiki ya faɗi. Hawan jini ne da ya daɗe yana ɓoyewa, ya shanye masa ɓarin jiki na dama, ya kuma karkatar masa da baki.

Na ɗauki hutu na zo jinya. Da yake ni akanta ce, dattawa suka roƙe ni in duba musu lissafin makaranta su san inda suke. Na karɓa ba da son raina ba. Takardun suna cikin wani akwatin ƙarfe da tela ya fitar daga ofis kafin wuta ta iso. A ciki na tarar da wani dogon littafi mai baƙin bango, cike da sunayen yara da bashin da ake binsu, zango bayan zango. A gaban sunaye da yawa an rubuta “na biya” da jan biro, da rubutun Baba. Wasu sunayen na san su, ciki har da na mutanen da a lokacin sun riga sun zama ma'aikatan jinya da jami'an soja. Ina ta juya shafi da ɗacin rai, ina cewa a zuci ga inda karatuna ya tafi, har na kai shafin ƙarshe. A samansa an rubuta “Bashin Uwata”.

A ƙarƙashi akwai adadin kuɗin adashin Mama da ranar da ya taɓa su. Sannan layi bayan layi, wata bayan wata, 'yan kuɗin da yake warewa daga albashinsa don biya. Abin da ya karya mini zuciya shi ne jimillar da ke sama. Duk lokacin da naira ta ƙara faɗuwa, sai ya soke tsohon adadin ya rubuta sabo mafi yawa, domin ya san abin da ya ɗauka ba lamba ba ce, kuɗin shekara guda ne na jami'a. Ya soke ya sake har sau shida, bashin yana gudu yana binsa da rarrafe. Sau biyu kuma ya sake ranta daga abin da ya tara ya biya malamai, ya rubuta hakan bai ɓoye ba. Shekara goma sha ɗaya yana wannan lissafi shi kaɗai, bai taɓa buɗe baki ya faɗa mini ba.

Na ɗauki littafin na shiga ɗakin da yake kwance, na buɗe shafin na ajiye a kan ƙirjinsa. Ya daɗe yana kallonsa. Maganarsa ba ta fita sosai, sai da na kai kunnena kusa da bakinsa na ji yana cewa, “Na yi miki laifi, Uwata. Ayar nan gaskiya ce.” Na durƙusa a gaban gadon na riƙe hannun da ya shanye, na ce, “Baba, ku yafe mini abin da bakina ya faɗa.” Ban san tsawon lokacin da muka yi muna kuka ba.

Har yau ban canja ra'ayi a kan abin da ya yi ba: kuskure ne. Malaman nan suna da haƙƙi, amma kuɗin ba nasa ba ne, kuma da ya zaunar da ni da Mama ya faɗa mana halin da ake ciki, wataƙila da mun yarda, wataƙila da mun ƙi, amma da bai rasa 'yarsa na tsawon shekarun nan ba. Akwai kuma wadda ba a buɗe wa shafi a littafin ba. Mama ce ta sha hayaƙi shekara huɗu ta tara kuɗin, ita ce ta ciyar da yaran da ba a san adadinsu ba, ba ta da albashi, ba a taɓa kiranta gaban ikilisiya an gode mata ba. Da na yi mata wannan magana sai ta ce ita tun a daren ta yafe, domin ba za ta iya kwana ɗaki ɗaya da mutum tana riƙe da shi ba, ni ce dai nake da Abuja da zan gudu.

Ban ajiye aikina nan take ba. Na yi kusan shekara ina kai da kawowa a hanyar Abuja, ina addu'a, ina gardama da kaina, domin ina tsoron in jefa 'ya'yana cikin ramin da na fito. Maigidana ne ya ce mini wata rana, tunda na dawo daga jinya ban yi hirar komai ba sai ta makaranta, gara in je in yi abin da ke raina, shi zai nemi canjin wurin aiki. Na je gaban dattawa da sharuɗɗa. Asusun makaranta zai zama daban a banki, da sa hannun mutum uku. Albashin malamai ne farkon abin da za a fitar. Yaran da ba su da hali za a ɗauki nauyinsu daga baiko na musamman da ikilisiya za ta yi sau ɗaya a shekara, ba daga tukunyar gidan shugaban makaranta ba. Mama kuma za a yanka mata albashi. Wasu sun ga kamar na kawo tsarin kamfani cikin aikin Ubangiji, amma sun amince. Na fara a matsayin ma'aji, ina karatun malanta a ƙarshen mako a Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, kafin daga baya a ba ni shugabanci.

Rikicin Nuwambar 2002 ne ya yanke gardamar ƙaura. Ni na sa hannu a takardar, kuma ni na faɗa wa Baba. Ya juya fuskarsa bango. Ranar da muka kwashe kaya, tela da kansa ya hau mangwaro ya kwance ƙararrawa, ya sa ta a mota, ya ce mini, “'Yata, unguwa ta yi shiru ke nan.” Ya ci gaba da turo jikokinsa suna haye gada har 'yan shekaru, kafin wahalar hanya ta sa a mayar da su kusa da gida. Yanzu yaran Musulmi da ke wurinmu ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kuma cikin duk abin da muka rasa, har da ginin da ya ƙone, wannan ne ya fi yi mini ciwo, domin ɗalibaina suna girma ba su taɓa zama benci ɗaya da wanda ke salla ba. A sabon wurin kuma muka tarar da wata wahalar, masaƙun Kakuri suna rufewa ɗaya bayan ɗaya, iyayen yaranmu da suka yi shekaru a bakin inji suka koma acaba da gadi.

Baba ya rayu shekara tara bayan faɗuwarsa. Kowace safiya akan tura shi a keken guragu zuwa bakin ofis, yara suna wucewa suna gaishe shi. Kafin ya rasu na ɗauko littafin, na sa jan biro a hannunsa na hagu, na riƙe hannun, muka rubuta “an biya” a ƙarƙashin shafina.

Na ɗauka na gama da wannan jarrabawa, sai ga annobar korona a 2020. An rufe makarantu a watan Maris, ba kuɗin da ke shigowa, asusun da nake taƙama da shi ya ƙare cikin wata uku. Wata malama ta zo gidana da goyo, ta zauna ta kasa faɗin abin da ya kawo ta, sai da na ga yadda take kallon tukunyar da ke kan wuta na gane. A lokacin kuwa ina da kuɗin da muka tara wa 'yata ta biyu, wadda ke jami'a. A daren nan na zauna a bakin gado da wayata a hannu, dannawa kaɗan ta rage in tura wa malamai kuɗin, ba wanda zai sani sai bayan watanni. A nan na san irin daren da Baba ya kwana, na kuma san cewa ba rashin ƙaunata ce ta sa shi ba. Na ajiye wayar. Da safe na kira maigidana da yarinyar, na baje musu komai, na ce mata kuɗinta ne, idan ta ce a'a magana ta ƙare. Ta yi tambayoyi masu zafi, ta nemi sanin ranar biya da wanda zai tsaya idan makaranta ta kasa. Da yake jami'o'i ma a rufe suke saboda annoba da yajin aikin malamansu, ta yarda ta ba da rabi. Muka rubuta a littafin Baba, ta sa hannu, dattijo ɗaya ya yi shaida. Sannan na kawar da kunya na bi tsofaffin ɗalibai ta WhatsApp, na fara da waɗanda na ga jan biro a gaban sunayensu. Da yawansu ba su taɓa sanin wanda ya biya musu ba. Kafin jami'a ta buɗe an mayar mata da kuɗinta cif.

Mama tana nan da ranta, idonta ya yi rauni, amma kullum sai an kai ta ɗakin girki lokacin tara ta zauna a kujera, kuma har yanzu tana gane muryar yaron da bai karya ba. Yaron nan da ba a zo nema ba a bariki shi ne malamin lissafinmu, ƙanwarsa ma'aikaciyar jinya ce. Benci huɗu ne suka rage daga na Kaka, ɗan ƙanena da ya koyi kafinta yana gyara su duk dogon hutu, kuma ya soma sassaƙa ɗan gicciyen a ƙarƙashin sababbin da yake yi ba tare da kowa ya sa shi ba. 'Yata ta gama karatu, ta faɗa mini a fili cewa ita ba za ta yi aikin makaranta ba, na ce mata na ji, ban kuma sake tayar da maganar ba. Saura 'yan shekaru in ajiye aiki, kuma na riga na gaya wa dattawa su fara neman wanda zai karɓa, ko daga gidanmu ko daga wani gida. Littafin mai baƙin bango yana cikin akwatin ƙarfe a ofis, da sauran shafuka kaɗan da ba a rubuta komai a kansu ba, kuma tare da mabuɗan makaranta zan miƙa shi.